Jegon da Aka Tura Ni Ingila

Mutanen majalisarmu ta gindin darbejiya a Gyaɗi-Gyaɗi sun dage cewa hutu na je yi Ingila. Alhaji Sule mai kayan gini har cewa yake na yi fari. To ga bayani a rubuce, tunda a baki ba sa barin mutum ya kai aya. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya yi haƙuri, a aji huɗu na sauka, ragowar ilimin a bakin ƙofar ofis na tsince shi, shekarun da na yi ina masinja a Tarauni.

Jego na je. Na san ba a saba ji ba. 'Yata ta fari ce take karatu a wata jami'a a arewacin ƙasar, tana zaune da mijinta Nura. Da haihuwa ta matso aka nema mana biza ni da uwarta, Hajiya. Hajiya ce mai aikin, ni ɗan rakiya ne. Da amsa ta fito sai aka ba ɗan rakiya aka hana mai aiki. Har yau ba mu san dalili ba. Hajiya ta ce wataƙila sun ga hotona ne suka tabbata babu wanda zai riƙe ni a can. Ta zauna ta ɗaure min kaya, gero da kanwa, yaji, kuka, daddawa, busasshen ganyen darbejiya, turaren wuta, da kilishin da ta sa aka yi musamman don maijego. Sannan ta yi min darasi kamar mai shirin jarrabawa, ina cewa to, ba na riƙe komai.

Sunan yarinyar ba zai fito daga alƙalamina ba. 'Yar fari ce, kuma ba yau na fara kunyarta ba. Dakta nake ce mata. Ba ta allura, ruwan rijiya take bincike, amma an ce idan ta gama haka za a riƙa kiranta, ni kuwa na riga su.

Zangon farko wani filin jirgi ne a ƙasar Larabawa, inda za mu canza jirgi. Ina zaune na rungume jakar hannu sai na ji an ce, "Baba, sannu da hanya," a kaina. Wani magidanci ne mai agogo mai nauyi. Ya ce shi ɗan Unguwar Gano ne, ya kuma faɗi layinmu daidai har da mai shayin kwanar. Na ji kamar na ga ɗan cikina.

Can ya ce, "Baba, ƙamshin me nake ji a jakar nan?"

Na ce, "Kilishi ne, na maijego."

Ya kama haɓa. "Ingila za ka shiga da nama? Karnuka ne da su a ƙofa, Baba. Su shinshino ka, a mayar da kai a jirgin da ya kawo ka."

"To ya za a yi?"

"Kawo in kai wa ma'aikata su zubar, kada a gan shi a hannunka."

Na ba shi har da godiya. Da aka kira jirginmu na hango shi a layin wani jirgin daban, shi da abokansa, kowa bakinsa na motsi. Ya ɗago min hannu. Na ɗaga masa, tunda ba a ƙin amsa gaisuwa. Daga baya Nura ya ce gaskiya mutumin ya faɗa, ba a shiga da nama. Wannan ya fi ɓata min rai. Mutum ya cuce ka, kuma ya zamana ya taimake ka, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Nura ya tarbe ni da wata rigar sanyi mai kama da katifa, ya saka ni a jirgin ƙasa. Mun isa jami'ar a ranar da kowa yake barinta. Hutun Kirsimeti da sabuwar shekara ya kama, ɗalibai suna jan akwatuna suna fita, mu muna jan namu muna shiga, kamar mutanen da ba su ji sanarwa ba. Jami'ar gari guda ce. Ta fi Tarauni tsari, amma a makon nan ba ta kai Tarauni mutane ba ko da safiyar Asabar ɗin tsaftar muhalli. An naɗa wa itatuwa ƙananan fitilu suna kunnuwa suna mutuwa, babu mai kallo. Wurin cin abinci a rufe, kanti a rufe, ɗakunan lacca a rufe. Akwai wani tafki a tsakiya mai agwagi. Su kaɗai ne ba su tafi hutu ba.

Gidansu Dakta yana hawa na uku a benen masu iyali, ɗaki ɗaya da falo. Falon ya zama nawa. Ta fito ta durƙusa ta gaishe ni kanta a ƙasa, na amsa ina kallon labule. Ta rame, wannan na gani ta gefen ido. Aka miƙo min jaririya. An riga an yi suna kafin in taso, a ƙofar gidanmu aka yanka ragon, su suka kalla ta waya. Na ce da jaririyar, "Amarya, haka ake tarbar miji, da barci?" Ba wanda ya yi dariya sai Nura, shi ma ta ladabi ce.

Nura a wani ɗakin ajiyar kayan saƙo yake aiki, kuma lokacin hutun nan ne aikinsu ya fi yawa, don mutanen ƙasar a makon suke tuna suna da 'yan uwa. Ya fita da duhu ya dawo da duhu, duhun kuwa can tun la'asar yake sauka. Sai ya zama wuni guda daga ni sai Dakta sai amaryata. Ni da Dakta kuwa ba mu saba doguwar magana ba, a gida ma Hajiya ce tsakaninmu. Saboda haka muka ci gaba da tsarinmu. Idan tana son in rage ƙarar rediyo sai ta kira uwarta a Kano, uwarta ta kira ni a falo. Magana daga ɗaki zuwa falo sai ta bi ta Gyaɗi-Gyaɗi.

Na kama aikin da ya kawo ni. Kullum da safe in dafa ruwa da ganyen darbejiya, in ajiye bokitin a bakin ƙofarta, in yi gyaran murya, in koma falo in juya baya. Kunun kanwa ne ya ba ni wahala. Na farkon da na dama na nuna wa Hajiya ta waya, ta ce, "Malam, wannan kunu ne ko sabulu?" Na rage kanwa, ya zama ruwan wanke gero. Duk yadda na kai shi haka yake dawowa, an kurɓi kaɗan don kada in ji kunya. Idan ƙofar ta ɗan buɗe sai in hango ta a bakin taga, tana kallon filin da babu kowa, littattafanta a jibge a ƙarƙashin gadon jaririya.

Wata safiya na tuna da turaren wuta. Na ɗora gawayi a murhun lantarki har ya kama, na zuba a kasko, na barbaɗa turare. Hayaƙin bai kai silin ba wata ƙararrawa ta fasa ihu, sauran na benen duka suka amsa mata. Haka kowa ya fito tsakar fili cikin sanyi, wasu da kayan barci. A nan na ga adadin waɗanda suka rage a benen, ba mu cika sahun sallah ɗaya ba. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Sin, gajeriya, rungume da jariri a cikin bargo, tana harara ta. Ba ta sha wahalar gano mai laifi ba, don da kaskon a hannu na fito.

Mai gadin jami'ar ya iso, wani baƙin ƙato da rigar aiki. Ya dubi kaskon, ya dubi hulata, sai ya ce da Hausa, "Tsoho, kai ne ka kawo wuta?"

Tun filin jirgin nan na daina murna da jin Hausa a bakin baƙo. Na riƙe aljihuna na ce, "Turare ne."

"Nan ba a turare. Nan hayaƙi kaɗan, gida duka ya yi kuka."

Sunansa Isifu, ɗan Zangon Kumasi ne. Hausarsa irin wadda mace da namiji duk "shi" ne. Ya karɓi kaskon ya kashe da ruwan gora, amma na lura sai da ya shaƙi hayaƙin ya lumshe ido tukuna.

Ran nan bayan la'asar Hajiya ta kira.

"Malam, kana zaune?"

"Ina zaune. Nan ba abin da ake yi sai zama."

"To yarinyarka ta ce a nema mata kujera a jirgin da za ka dawo. Ta ce karatun ya isa haka."

"Ba an ce ta kusa gamawa ba?"

"Ta ce ba za ta iya ba. Ta ce tun da ta haihu ba ta ji muryar mace a ɗakinta ba sai ta unguwarzoma, ita ma da agogo a hannu take zuwa."

"Ki ba ta haƙuri."

"Ni ina Kano, kai kana bayan ƙofarta, ni zan ba ta haƙuri?"

Da Nura ya dawo na tambaye shi a kaikaice. Ya ce idan ta ajiye yanzu babu komawa, gurbin ba ya jiran kowa, shekarun da ta yi sun tafi ke nan. Ya ce ya yi magana har ya gaji. Ya faɗi haka yana tsaye a kicin da cokali a ɓoye a bayansa, don bai yarda in ga yana cin abinci ba.

Ni dai ba likita ba ne, amma na daɗe a duniya ina tsallake takalman mata a zaure. A unguwarmu idan mace ta haihu ƙofar ɗakinta cika take da takalma. Wannan ta yi shara, waccan ta karɓi jariri, wata ta kawo gulmar layi, wata ta ce hancin na dangin uba ne, Allah ya kyauta. Maijego har addu'a take su tafi ta samu ta runtsa. Na dubi ƙofar su Dakta, takalmanmu ne kawai, har da nawa na shiga banɗaki. Na ce wannan ita ce cutar. Kuma tunda ƙararrawa ta nuna min akwai mutane a benen, magani yana kusa.

Washegari na sa farar riga, na zuba dabino a faranti, na fara daga hawa na ɗaya. In ƙwanƙwasa, in yi sallama, in faɗi da Turancina na masinja cewa an yi mana haihuwa a sama. Yawancin ƙofofin shiru. Wani saurayi ya buɗe kaɗan ya ɗauki dabino ɗaya ya tambaye ni nawa ne. Wata ta yi min magana ta bayan ƙofa, ba ta buɗe ba. Tunda barka aikin mata ne, duk inda namiji ya buɗe sai in tambaye shi ko akwai mace a gidan, kuma yaushe take zama ita kaɗai ba ta da aiki. Ban gama hawa na biyu ba sai ga Isifu yana haki.

"Tsoho, kai ne kuma? An kira ofis an ce wani dattijo yana bi ƙofa ƙofa yana tambayar inda mata suke."

"'Yan barka nake nema."

Ya zauna a matakala ya yi dariya har ya share ido. Da ya gama na gaya masa komai, har maganar kujerar jirgi. Ya ci dabino biyu, sannan ya ce nan ba a zuwa ƙofar mutum haka kawai, ko uwarsa ce sai ta yi waya. Amma ranar Kirsimeti da rana jami'a tana tara duk waɗanda ba su da inda za su je hutu a wani zaure, a ci abinci tare. Ya ce duk matan da nake nema suna can, kuma a can babu mai kiran mai gadi, don shi ma yana ciki.

Na yi tunanin ko zuwana ya dace. Sai na tuna Maman Ngozi ta bayan layinmu, wadda duk Kirsimeti take aiko mana da shinkafa, mu kuma mu aika mata da cinyar rago ranar layya. Shekara da shekaru ba wanda addininsa ya ragu. Na ce zan je.

Abin da Isifu ya ƙara shi ne kowa da abincinsa yake zuwa. A Kano ka gayyaci mutum walima ka ce ya taho da tuwonsa, 'yan uwanka za su fara neman mai ruƙiyya. Amma baƙo ba ya gyara gari. Na ɗauki ragowar dabino da kwalbar yaji.

Zauren ya sha ado, ga wata itaciya a kusurwa an rataya mata ƙwallaye. Mutanen kuwa kamar an tsinto su daga kowace tashar duniya, Indiyawa, 'yan Sin, Larabawa, baƙaƙe irinmu, da wasu Turawa da su ma ba su da wajen zuwa a ƙasarsu, abin da ya ba ni mamaki. Aka raba hulunan takarda masu tsini tsini. Na ɗora tawa a kan zannata, tunda ba zan tuɓe hula a gaban jama'a ba. Aka yi wasan musayar kyauta, na samu safar ƙafa mai hoton barewa. Wani Ba'indiye ya samu yajina, ya ɗanɗana, ya zo ya gaishe ni da hannu biyu.

Wata Baturiya mai furfura, ita ce uwar taron, ta zo da faranti shaƙe da shinkafa da kifi da dankali ta miƙo min. Na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi, na ce na gode, na ƙoshi. Ta ce to, ta wuce. Na gyara zama ina jiran ta dawo ta matsa min, in ƙi sau ɗaya kuma, sannan in karɓa don kada in ɓata mata. Ba ta dawo ba. Na ga farantin nan ya sauka a gaban wani yaron Sin mai gilashi.

Isifu yana gefena yana aiki da hannu biyu. Ya ce, "Tsoho, nan sau ɗaya ake tayi."

Na ce, "Na lura."

Da cikin kowa ya cika banda nawa, uwar taro ta ce kowa ya tashi ya faɗi yadda ake biki a garinsu. Aka yi ta faɗa, wasu har da ƙwalla. Da layi ya zo kaina na miƙe kamar mai sanarwa a masallaci bayan sallame sallah. Na ce ni ba labarin biki na zo da shi ba. Na ce a garinmu idan mace ta haihu gidanta cika yake da mata har sai ta gaji da su. Na ce 'yata tana benen can hawa na uku da jaririya, babu ƙafar da ta taka ƙofarta. Ba abinci muke nema ba, ba kaya ba. Ku zo ku dame ta kawai. Inda Turancina ya yage Isifu ya yi masa faci.

Aka tafa. Ni ban nemi tafi ba. Wata 'yar Malesiya mai ɗankwali ta ɗaga hannu ta tambayi wace rana za a zo, ƙarfe nawa. Na ce kowane lokaci, ƙofa a buɗe take.

Isifu ya ja min riga. "Ba su lokaci, tsoho. Idan ba ka ba su ba, ba za su zo ba."

Na ce, "Ban taɓa jin an sa wa barka lokaci ba. Asibiti ne?"

Kafin in hau benenmu labari ya riga ni. Ashe wani ya ɗauke ni a waya ya saka a guruf ɗin mazauna benen, Dakta kuma tana ciki. Ina buɗe ƙofa wayata ta yi ƙara.

Hajiya ta ce, "Me ka je ka yi?"

"Sanarwa."

"Ta ce ka tsaya gaban jama'a da hular takarda ka ce 'yarka ba ta da kowa. Ta ce da can karatun ne ya ishe ta, yanzu ko matakala ba ta da fuskar sauka. Ta ce wa Nura ya nemi tikitin."

"Hular ba ni na zaɓa ba, raba ta aka yi."

Hajiya ta kashe wayarta.

Duk da haka washegari na share falo, na jera dabino, na zauna da farar riga ina fuskantar ƙofa. Har duhu ya sauka babu wanda ya zo. Duk masu tafin nan suna ɗakunansu suna jiran a ba su lokaci. Bokitin da na ajiye da safe ma haka na ɗauke shi, ruwan ya huce ba a taɓa ba.

Sai da gari ya sake wayewa aka buga ƙofa, bugu na mai gida, ba na baƙo ba. Na buɗe, tsohuwar Sin ɗin nan ce mai harara, da tukunya a naɗe da tawul. Ɗanta yana bayanta, mai gilashin da ya ci farantina. Ya ce mahaifiyarsa ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, sai jiya ya fassara mata abin da na faɗa. Ya ce ita ma aikin da ya kawo ta ke nan, matarsa ce ta haihu, su a wajensu wata guda ake yi. Ya ce tana tambaya, wai da gaske namiji ne yake yi wa maijegon nan hidima?

Na ce da gaske ne.

Ya faɗa mata. Ta dube ni daga hula har silifa, ta ce wani abu gajere. Yaron ya ƙi fassarawa.

Ta ture ni da tukunyar ta shige. Na bi ta kicin don in ga abin da ke ciki, tunda ba kowane nama ake kai wa 'yar Musulmi ba. Romon kifi ne da citta. Na ce alhamdu lillahi, kifi dai ba ya buƙatar yanka. Ta buɗe kwanon kununa, ta shinshina, ta zubar a wajen wanke-wanke ba tare da ta nemi izini ba. Sannan ta nufi ɗakin Dakta ta tura ƙofa. Na ji an rufe taga da ƙarfi. Na ji faɗa da harshen Sin, tana yi ba ta numfashi, irin faɗan da goggon mutum take yi idan ta tarar da maijego ba safa a ƙafa. Ta fito ta ga safar barewata a kan kujera, ta ɗauka ta koma. Sai na ji ƙarar cokali a kwano. Can na ji kuka, ba na jaririya ba. Na ɗauki hulata na tafi wajen agwagi.

Daga tafkin na wuce ofishin masu gadi. Na ce da Isifu, "A ba su lokacin."

"Barka ya zama asibiti ke nan?"

"Ya zama. Kai dai ka aika."

Suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace a kan sa'arta, kamar masu ganin likita. 'Yar Malesiyar ta zo da wani dogon ƙyalle na ɗaure ciki, ta ce su ma kwana arba'in suke yi har da ɗori. Matar Isifu, Ayishetu, ta karɓe gero da kanwa daga hannuna, ta ce in je in huta, na yi ɓarnar da ta isa. Wata 'yar Kenya ta zo da mataji ta yi kitso. Goggon Sin kuwa, don haka na raɗa mata, ba ta taɓa bin lokacin kowa ba. Ta shigo da jikanta a hannu, ta ajiye shi kusa da amaryata, ta hau duba tukwane. Kafin sabuwar shekara sauran ma sun watsar da agogo. Sai ka ji mata biyar a ɗaki ɗaya, harshe huɗu, kuma duk suna magana a lokaci guda. A nan na fara jin muryar Dakta tana musu da wata a kan yadda ake goyo.

Ranar sabuwar shekara suka haɗa girki a gidan, suka kore mu ni da Nura. Muka yi ta zagaya jami'a cikin sanyi har yunwa ta ci ƙarfin surukuta. Ya samo mana kifi da dankali a wani shago a wajen ƙofa, muka zauna a benci ɗaya, shi yana kallon gabas ni ina kallon yamma, kowa yana ci a hankali don kada a ji. A bencin nan kewar gida ta kama ni sosai. Ba tuwo na yi kewa ba. Hayaniyar 'yan adaidaita a kwanar Gyaɗi-Gyaɗi na yi kewa, da kiran sallar masallatai uku da ke karo da juna, da Alhaji Sule yana ƙaryata labarin da bai ji ƙarshensa ba.

Maganar kujerar jirgi dai babu wanda ya sake tayar min da ita, ni kuma ba zan tambaya ba. Na gwada Hajiya, ta ce, "Ni ma ban sani ba. Yanzu ba ta cika kirana ba, ta yi sababbin iyaye." Na gwada Nura, ya ce ita dai ba ta ce a fasa ba, ba ta kuma sake cewa a saya ba.

Ɗalibai suka fara dawowa da akwatunansu a makon da zan tafi. Aka kwance fitilun itatuwa, aka buɗe kanti. Safiyar tafiyata na tarar da manyan akwatuna biyu a bakin ƙofa, ɗaya nawa, ɗaya ban san shi ba. Nura ya ja su har tashar bas ta bakin jami'a, ina biye. Da na waiwaya sai ga Dakta tana tahowa, ta goya jaririya a cikin babbar rigar sanyi, Goggon Sin tana bayanta da mayafi tana faɗa, da alama a kan fitowa cikin iska ne. Na dubi akwati na biyu, na dubi goyon, na ce a raina shi ke nan, sanarwa ba ta yi aiki ba.

Bas ta tsaya. Direba ya saka akwatunan duka biyu. Dakta ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, Goggo tana jan ta ta tashi.

Ta ce, "Baba, baƙin akwatin na Hajiya ne, a ce mata takalman na ciki ba na rabo ba ne." Sannan ta ƙara da cewa, "A ce mata sai na gama."

Na dubi kan jaririyar da ya leƙo ta wuyan riga. Na ce, "To amarya, kin ji. Ni na tafi, kada in ji kin kula wani."

Na hau bas. Kujera biyu ce a jere, na zauna ta bakin taga, na cire rigar katifar nan na ajiye a ɗayar. Har filin jirgi babu wanda ya zauna a kanta.